Botvid Mai Yankan Tsumagiya

A rundunar Suwidin da ta daɗe tana yaƙi a ƙasar Jamus, ba wanda ya kai Botvid iya yankan tsumagiya. Ɗan manomi ne, ko igiya ɗaya bai taɓa samu ba, amma duk ranar da za a hori soja shi ake nema. Sai ya zaɓo masu lanƙwasa, ya jiƙa su a ruwan gishiri yana fito. Mugu! Har alfahari yake yi wai tasa ba ta karyewa a bayan mutum.

Wani sojan haya ɗan Ingila, Gamaliel, ya taɓa tambayarsa, "Kai mai bulala, wannan wasan naku me sunansa?"

"Gatlopp. A harshenmu gata lungu ne, lopp kuma gudu. Mutum ɗari biyu su yi sahu biyu, kai kuma ka ratsa tsakiya ba riga, kowa yana tsula maka tsumagiya. Wanda ya sassauta hannu, shi ma ya ratsa."

"Gantlope," in ji Gamaliel.

"Ji harshe kamar na saniya! Sake."

Wata safiya aka aiko ya tanadi tsumagu. Ya yanko, ya jiƙa, bai ko tambayi bayan wa za su sauka ba. Sai da aka buga ganga ya ga an fito da Esbjörn, ƙanensa, wanda uwarsu ta damƙa masa a hannu ranar da suka bar gida. Barci ne ya sace shi a wurin gadi. Ratsawa shida aka yanke masa.

Botvid yana tsaye cikin sahu, saje na bayansa.

"Yaya," in ji Esbjörn da ya iso gabansa.

Tsoro ne, ba wani abu ba. Botvid ya san aikin hannunsa, bai shirya ɗanɗana shi ba. Ya zage ya tsula masa, har saje ya ce madalla. A ratsawa ta biyar Esbjörn ya faɗi, bai ƙara tashi ba. Tsumagiya ko ɗaya ba ta karye ba.

Da aka sallami sojojin haya, Gamaliel ya zo da kayansa a kafaɗa, ya dafa shi.

"Zan kai wa mutanenmu kalmar nan taku. Gantlope. Na faɗa daidai ko?"

Botvid yana zaune bakin randar ruwan gishiri, ana jiran tsumagun gobe. Bai ɗago kai ba.

"Daidai ne," ya ce. "Tafi da ita."