Yadda Goshin Kaka Ya Koma Ƙasa

Kakata ta wajen uba ba ta taɓa yarda cewa tana suma ba. In ka tambaye ta, sai ta ce ɗan kishingiɗa ta yi. Ta kishingiɗa a bakin rijiya, ta kishingiɗa a gidan suna da ƙwaryar fura a hannu, ta kishingiɗa a tsakiyar kasuwar Gazawa cikin tasar ayar wata baiwar Allah. A nan ne babana ya ce ya isa haka, ya kai ta asibitin Maradi. Can suka ce zuciyarta tana tafiya ne kamar jakin da ya hango tudu: taku ɗaya, sai ta tsaya shawara. Suka tura mu Yamai.

Da ni aka je, don lakol, wato makarantarmu, tana hutu, kuma Kaka ta ce ba ta shiga mota sai da mijinta. Mijin nan ni ne. Tun ina rarrafe take kirana Maigida, tana yi mini gorin rashin cefane, ni kuma ina ce mata in ta matsa mini zan nemo mai haƙora.

Lokotoron zuciyar, wato likitar, mace ce, doguwa, marar gaggawa. Kafin a yi komai ta ɗora mana irin abin da za a sa wa Kaka a tafin hannu: ɗan ƙarfe mai sheƙi da bai kai akwatin ashana ba, da wata waya siririya mai laushi. Ni na zo ne da shirin ganin an fafe Kaka kamar ƙwarya, sai na ji ba haka ba. Fata za su ɗan tsaga a ƙasan ƙashin wuya, su nemo jijiyar jini, su zura wani siririn tiyo. Wayar ta bi ta cikin tiyon, jijiyar ta raka ta har cikin zuciya, su kuma suna kallon tafiyarta a allo. Ƙarfen zai zauna ƙarƙashin fata, duk lokacin da zuciya ta tsaya shawara ya ɗan tsikare ta.

Babana ya ce, “To, me zai riƙe wayar a can?”

Ta nuna mana bakinta. Wani ɗan murɗaɗɗen ƙarfe ne, sak hannun duman da yake kama danga, sai dai ƙwayar gero ta kusa fin shi girma. Ta ce in wayar ta isa, daga waje za su murɗa, shi kuma ya shige naman zuciya ya kama.

Na daɗe ina kallon yatsun matar nan. Ni ko zariyar wandona na tashi zurawa sai bakinta ya ɓace mini a tsakiyar hanya, in zauna ina lalube har a kira sallah. Ita kuwa za ta zura tata cikin jijiyar mutum, ta kai ta wurin da ba ya daina motsi, ta ɗaure ta daga nesa, mai zuciyar kuma idonta biyu. Don Kaka ba a sa ta barci ba. Da ta fito ta ce har yadda ake daƙuwa ta koya musu.

Doka ɗaya aka ba ta mai ƙarfi: kada ta ɗaga hannun hagu sama da kafaɗa, kada ta ɗauki kaya, har ƴan makonni su wuce. Kaka ta karɓi dokar, muka dawo gida, ƴan dubiya suka yi mata ƴaƴa da jikoki.

Wani tsoho maƙwabcinmu mai gyaran rediyo ya ce, “Waya? Ai ni ba a gaya mini waya. Girgiza kaɗan, ta saki.”

Gwaggona ta ce, “Ni sunkuyon nake ji mata, Inna. Kika dunƙufar da kai, ina abin zai gangara?”

Daga ranar Kaka ta nemo majanyin da aka goya ni da shi, ta ɗaure ƙirjinta tamau. Tafiya ta koma yi kamar mai ɗauke da ƙwaryar nono cike fal. In atishawa ta zo mata sai ta riƙe hanci, idanu su fito, gida duk ya yi tsit har ta wuce. Sallah kuwa a kan kujera take yi, ta ɗan rusuna da kai kamar mai gaida wanda ba ta so.

Abin mamaki, jikinta ya dawo. Kishingiɗa ta ƙare, kumburin ƙafafu ya saɓe, murya ta koma tana kaiwa bayan gari. Makonnin da aka ce suka wuce, aka yi shuka, aka yi noma, majanyi yana nan. Ni kuwa na samu abin wasa. In ta yi faɗa in ce a rage mata murya, maɓallin yana bayan kunne.

Wata la’asar na same ta bayan ta sallame, tana shafa goshinta. Tabon sujadar da na san ta da shi tun ina yaro ya fara dushewa.

Na ce, “Amarya, kwalliya ake?”

Ba ta rama ba, abin da ban taɓa gani ba. Ta ce, “Maigida, goshina ya manta ƙasa. Malam ya ce sallata ta yi, na kuma yarda. Amma ni tun kafin a haifi ubanka a can ƙasa nake faɗa wa Allah abin da ba na faɗa wa kowa. Kar in koma gare Shi a kan kujera.”

Na tashi na ba awaki ruwa.

Da lokacin komawa awo ya yi, amalanke ce ta fitar da mu bakin hanya, sannan taksin daji, wadda direbanta bai bar rami ko ɗaya bai gaida shi ba. Kaka ta rungume ƙirji hannu biyu tun daga gida har Yamai. Lokotoro ta ga majanyi ta tambaya, babana ya fara kame-kame, ni na zayyana mata komai, har atishawar, na ɗan ƙara gishiri.

Ba ta yi dariya ba, ko da yake na ga kumatunta suna so. Ta sa aka ɗauki hoton ƙirji, ta ɗaga wa Kaka. Ga wayar nan fara, ta lanƙwaso ta sauka, bakinta yana daidai inda aka bar shi.

Ta ce, “Inna, kin taɓa ganin itacen da aka ɗaura wa waya aka manta?”

“Akwai bedi a ƙofar gidana. Ya haɗiye ta.”

“Haka zuciyarki ta yi. Murɗaɗɗen ƙarfen nan na farkon kwanaki ne. Yanzu namanki ne ya rufe shi ya riƙe. Ko ni na so cire ta, sai na sha aiki.”

Kaka ta ce, “Ko na kifa kai?”

“Ki kifa. Ki yi daka ma in kina so.”

“Dakan dai a bar wa matan gida,” in ji Kaka.

Ba ta yarda ta gwada a Yamai ba. Ta ce in abin zai saki, ya saki a ɗakinta. Washegarin dawowarmu da azahar ta kwance majanyi, ta ture kujera da ƙafa, ta shimfiɗa buzunta. Duk gidan muka tsaya a bakin ƙofa, kowa yana yi kamar wani abu ya zo nema. Ta yi ruku’u, ta ɗago. Ta sauka a hankali, gwiwoyi suna ƙara kamar ana karya kara, goshi ya taɓa ƙasa.

Sai ta daɗe a can ba ta ɗago ba. Muka jira. Kaza ta shiga ɗakin ta fita. Gwaggona ta fara salati ƙasa-ƙasa, babana ya cire takalmi ɗaya. Ni na durƙusa kusa da ita, na kasa kunne, na ji tana ta magana a hankali, tana jero sunayenmu ɗaya bayan ɗaya, har da na wata doguwar mata da ke Yamai.

Na juya na yi musu alama da hannu su koma. Sai da ta gama raka’o’inta cif, ta sallame, sannan ta dube mu, ga ƙasa a goshinta.

Ta ce, “Ku ba ku da sallar yi ne?”