Wayar da Na Miƙar

Har gobe ban manta da wata Litinin da na kusa ɓata wa Baba Rasaki suna ba, saboda ƙwarewar da nake ji da ita. Wajen ƙarshen shekarun saba'in ne, kuɗin fetur na yawo, 'yan kasuwar Fagge da Sabon Gari na ta odar kaya daga waje. Labarin kayansu kuwa ta teleks yake zuwa, wato keken rubutu mai aika saƙo ta waya. Ni ma'aikacin gyara ne a ofishin da ke haɗa waɗannan layuka, shekarata shida a aiki.

A lokacin an kawo mana sabon injin rarraba layi. Muka sa masa suna Hajiya, don ita kaɗai ke da ɗaki mai na'urar sanyi, kuma ba ta kula kowa. In kana son magana da ita, sai ka zauna gaban wani keken rubutu da aka haɗa su da waya guda, ka buga umarni, ta ba ka amsa a takarda. Wannan keken muke kira Tafinta. Makullin ɗakin yana hannun shugaban sashenmu, Baba Rasaki, Bayerabe haifaffen Fagge wanda ya fi ni karin magana. Saura masa wata takwas ya yi ritaya, kuma ba a taɓa ba shi takardar tuhuma ba.

Ranar Juma'a da safe ya ba ni makulli in share ɗakin. Na ga wayar Tafinta ta ɗan zaizaye a bakin fulogi, na kwance don in gyara. Sai na tarar da jan zare da farin zare na cikin wayar sun yi musayar wuri: wanda ya tashi daga rami na biyu ya faɗa na uku a ɗaya ƙarshen. Na ce a raina, ashe Turawa ma suna kuskure. Na miƙar da su, biyu da biyu, uku da uku, na liƙe da dalma tsaf. Ban rubuta a littafin aiki ba, ban gaya wa kowa ba, na tafi masallaci ina jin daɗin kaina. Hajiya ta ci gaba da aikinta, don ba ta buƙatar Tafinta sai an zo magana da ita.

Litinin da hantsi aka ɗauke wuta, janareta ya yi nauyin tashi, Hajiya ta tsaya. Ba wani abin tashin hankali ba ne, umarni uku ake buga mata ta farka. Baba Rasaki ya zauna ya buga na farko. Shiru kake ji, wai malam ya ci shirwa.

Muka bi ƙa'ida daki-daki. Wuta na shiga Tafinta, fiyus lafiya lau. Muka juya shi ya yi rubutu shi kaɗai, ya rubuta sumul. Muka duba makunnin sauri, ko wani ya murɗa shi, yana inda yake. Muka ɗauko wani keken daga sito muka jona, shi ma ko tari. Kafin sha biyu harabar ofis ta cika da masu kanti da masinjojinsu, kowa na tambayar saƙonsa.

Sai ga manaja, Malam Bashir, ya shigo fuska ba annuri, ya dubi Baba Rasaki.

"Alhaji, makullin nan a hannun wa yake?"

"A hannuna, ranka ya daɗe."

"To in an yi azahar ba ta tashi ba, zan kira hedikwata su turo Bature daga Legas. Ka kuwa san abin da zai biyo baya. Dakatarwa ce, sai an gama bincike."

Baba bai ce ya ba ni makulli ranar Juma'a ba. Ya dai cire hularsa ya ajiye a kan tebur. Wannan rufin asirin ne ya karya ni.

Da manaja ya fita na ce, "Baba, saura waya ba mu duba ba."

"Wa zai taɓa waya? Tun da aka kafa ta take nan."

Gumi ya karyo mini a ɗakin da sanyi ke ratsa ƙashi. Na ce, "Ni na taɓa. Amma gyara na yi, a karkace na same ta."

Ya ɗauki sukundireba ya buɗe fulogin, ya kai shi kusa da tabarau. Ina jiran faɗa, sai na ji ya fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Habibu, Allah ya shirye ka! Ka haɗa baki da baki, kunne da kunne. Rami na biyu baki ne, na uku kunne. Dole bakin Tafinta ya faɗa kunnen Hajiya, nata bakin ya faɗa kunnensa. Kai kuwa ka sa su suna ta yi wa juna ihu a baki, kunnuwa na can suna sauraron juna." Ya miƙo mini ƙarfen dalma. "Ungo. Garin neman gira ka kusa raba mu da ido. Karkatar da ita yadda ka same ta."

Na mayar da zaren nan biyu suka gitta juna. Baba ya jona, ya yi bisimilla, ya buga. Tafinta ya yi tsit na ɗan lokaci, sannan ya ɓarke da kakat-kakat. Ban taɓa jin sauti mai daɗi irin wannan ba. Umarni uku, fitilun Hajiya suka kama ɗaya bayan ɗaya. Na zauna daɓas a ƙasa na yi ajiyar zuciya, ladan bai ma kira azahar ba.

Manaja ya dawo yana tambayar abin da ya faru. Baba ya ce, "Waya ce ta miƙe, mun karkatar da ita." Na buɗe baki zan ƙara bayani, ya taka mini ƙafa. Daga baya ni da kaina na je na gaya wa manaja gaskiya, na sha faɗa na rabin sa'a, kuma na cancanta. Baba ya yi ritaya da fayil ɗinsa fes.

Abin da nake gaya muku ke nan, ku da kuke jona kwamfuta da injinan yanzu. In layi ya yi shiru, ku fara tambayar wa ya taɓa shi a ƙarshe, in ku ne ku faɗa da wuri. In kuma kun gaji abu a karkace yana aiki, ku tambayi na gaba da ku kafin ku miƙar. Ranar nan da yamma Baba ya ɗaura wani ɗan kwali a jikin wayar, ya sa ni na rubuta da hannuna: "Karkatar nan da gangan ce." Har aka kwashe Hajiya, ba wanda ya sake gyara wayar nan.