Bidiyon Da Na Ɗauki Malam A Sace

Jama'a, wannan labari ba a bakin wani na ji shi ba, ni ya faru da ni, kuma wallahi tallahi ko yanzu da na zauna rubuta shi sai da na ajiye wayar na tashi na ɗan zaga tukuna. Shekarun baya ne, lokacin ina da shagon ɗaukar bidiyo a cikin birnin Zariya, wajen Ƙofar Gayan. Ɗan ƙuƙut ɗin shago ne, daga ni sai kwamfuta ɗaya, kyamara ɗaya, da wata tsohuwar fanka mai ƙara kamar injin markaɗe. Biki ne, suna ne, walimar sauka ce, ni ake kira, kuma a lokacin kaina yana hayaƙi, gani nake ba wata matsalar kwamfuta da za ta gagare ni.

To akwai wani dattijon malami a unguwar, ba zan kama sunansa ba, Malam kawai kowa yake ce masa. Mutum ne mai sanyi, ko yaro bai taɓa ɗaga wa murya ba, amma abu ɗaya ne ba ya wasa da shi, shi ne hoto. Bai taɓa tsayawa an ɗauke shi ba. Kai, har kujerar Makka aka biya masa, da aka ce sai an yi hoton fasfo ya ce a ba wani, Allah ya ga niyyarsa. Kuma da kunnena na sha jin yana cewa, a hankali ba da faɗa ba, "Duk wanda ya ɗauke ni hoto, ban yafe ba." Ku da kuka san cikin birni kun san nauyin wannan kalma in ta fito daga bakin tsoho irin wannan.

Rannan sai ga babban ɗansa, Alhaji Nuhu, ma'aikacin gwamnati ne a Kaduna, ya zo shagona ya ce 'yarsa ta sauke Alƙur'ani, za a yi walima a gidan Malam, ni zan ɗauka. Har mun gama magana ya miƙe, sai ya dawo ya zauna ya rage murya, ya ce, "Ƙanena, wata alfarma nake nema. Tsohon nan ƙarfinsa ya ƙare, kuma ba mu da hotonsa ko ɗaya. In ya tafi, me zan nuna wa jikokinsa? Ka san yadda za ka yi ka ɗauko mana shi ko na minti ɗaya ne, ba wanda zai sani." Na ce, "Alhaji, ka fa san abin da yake cewa." Ya ce in bar masa wannan, shi zai ɗauki alhakin. Ni kuma da rawar kai irin ta lokacin, ga tausayi, idon mutumin har ya kawo ruwa, sai na ce to. Kamar alhaki kaya ne da wani zai ɗaukar maka.

Ranar walima aka shigo da yarinyar zaure da allonta na zayyana, ta durƙusa gaban kakanta za ta karanta. Aka ce mai hoto ya kashe kyamara, na ce na kashe. Ƙarya nake yi. Tun a shago na manna baƙin salatif a kan 'yar jar wutar da ke nuna ana ɗauka, sai na rataye kyamarar a ƙirjina na harɗe hannuwa kamar mai sauraro. Na ɗauki Malam na kusan minti ɗaya, yana zaune a kan buzunsa, kansa a sunkuye a kan allon, yana bin karatun da yatsa. Ku riƙe wannan, don Allah: tun daga farko har ƙarshe bai ɗago kai ba. Da na koma shago na kalla sau biyu, har haushi na ji don fuskar ba ta fito sosai ba, sai rawani da farin gemu.

Ba a yi sati biyu ba Malam ya kwanta ciwo. Alhaji Nuhu ya fara kirana a waya, a gama aikin nan, a gama aikin nan. Na zauna na haɗa komai tsaf, na sa wurin Malam a tsakiya, sannan na danna renda, wato fitar da aikin ya zama bidiyo guda da za a iya kalla a ko'ina. Abu yana tafiya lafiya lau, yana kaiwa kashi sittin da ɗaya cikin ɗari sai manhajar editin, wato wadda nake haɗa bidiyon da ita, ta rufe kanta, ɗif, ko saƙon kuskure babu. Na yi tsaki na sake. Sittin da ɗaya, ɗif.

Ban kawo komai a raina ba, don duk mai wannan sana'a ya san wannan ciwon kai. Na share tarkacen da manhajar take tarawa, na rage kaya a kan hadis, wato ma'ajiyar kwamfutar, don ta samu wurin numfashi, na rufe duk wani abu da ke buɗe. Ɗif. Na ce zafi ne, na kwance kwamfutar na busa mata iska, na ɗora ta a kan bulo na kafa mata fankar nan a gefe, ni ina ta zuba gumi. Ɗif. Washegari na sabunta direban girafik, wato manhajar da ke sarrafa hoto a kwamfutar, na cire manhajar gaba ɗaya na sake sa ta, na rage girman hoton. Kai, jama'a, kamar da gayya, wuri ɗaya take zuwa ta mutu.

Sai na yi dabarar da muke yi in abu ya ƙi, na yanka aikin gida huɗu ina fitar da su ɗaya bayan ɗaya, don in gano inda ɓarnar take. Na farko ya fita, na biyu ya fita, na huɗu ya fita. Na uku ne ya ƙi. Na sake yanka na ukun, na yi ta matsewa har ya rage abu ɗaya, wurin Malam. Na ce wa kaina haba, fayil ne ya lalace, ai ana yi. Na buɗe shi don in juya shi zuwa wani nau'in, sai na ga kamar fuskar ta fi fitowa fiye da yadda na san ta. Goshi ya fito, har da tabon sujada. Na ce ƙila da can ban lura ba ne.

Na juya fayil ɗin, na sake renda, ta sake mutuwa. Na buɗe wurin kuma. Wallahi, na rantse da wanda raina yake hannunsa, kan Malam ya ƙara ɗagowa. Yanzu ina ganin girarsa da karan hancinsa. Muryar yarinyar tana nan yadda take, yatsansa yana nan a kan allo, kan ne kawai ba a inda na bar shi ba. Rana tsaka ce fa, masu babura suna wucewa, mai rake yana ta ciniki a ƙofar shagona, amma tsigar jikina ta tashi. Na ɗauko katin memorin kyamarar, wanda ban taɓa ba tun ranar walima, na ce ai wannan shi ne asali, ba abin da zai canza shi. Na sa. Iri ɗaya.

Rana ta uku da safe na kwashe aikin kaf daga kwamfutata na zuba a hadis na tafi-da-gidanka, na haɗa da katin memorin, na nufi Gyallesu wurin wani abokina Isiyaku mai gyaran kwamfuta, wanda injinsa ya ninka nawa ƙarfi. Ban gaya masa komai ba, cewa kawai na yi renda ke ba ni wahala. Ya yi mini dariya, ya ce ai tun tuni ya gaya mini in kai gwangwanin nan nawa wurin 'yan jari-bola. Ya ɗora a tasa. Muna zaune muna kallo, sittin, sittin da ɗaya, ɗif. Dariyar ta ɗauke. Ya ce bari ya ga wurin, ya buɗe, ya ƙura ido, can sai ya ce, "Kai, wannan tsoho me ka yi masa yake maka irin wannan kallo?"

Na leƙa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Malam ya ɗago kai gaba ɗaya, idanunsa biyu suna cikin kyamarar, tun daga daƙiƙar farko har ta ƙarshe, ko ƙiftawa babu. Ba harara ba ce, da harara ce ma da sauƙi. Kallo ne irin na wanda ya ba ka amana ya dawo ya tarar ka ci.

A daidai nan wayata ta yi ƙara, Alhaji Nuhu ne. Ya ce kwana huɗu ke nan Malam bai yi magana ba, jiki ya yi tsanani, don Allah in kawo bidiyon yau. Nan ne fa hankalina ya tashi na gaske, ba don aljani ko wani abu ba, a'a, lissafi na yi: in tsohon nan ya cika ban roƙe shi gafara ba, wa zan roƙa? Haƙƙin mutum ne, sai shi ya yafe. Ban yi shawara da kowa ba, na goge wurin daga cikin aikin, na goge daga hadis, na goge daga memori, na bi kwandon shara na kwamfutar na share. Isiyaku yana ta tambayata lafiya, ban kula shi ba. Ya danna renda don ya gani, ta wuce sittin da ɗaya kamar ba ta taɓa tsayawa ba. Ban jira ta ƙare ba, na hau babur, niyyata in je in durƙusa a gaban Malam in faɗi abin da na yi da bakina, ko da ido ne ya amsa mini.

Tun daga bakin lungun na hango ana shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, ga kukan mata daga ciki. Na kafe babur ɗin. Alhaji Nuhu yana ganina ya ratso mutane ya kama hannuna ya ja ni bayan garu, idonsa jajir. Kafin in buɗe baki ya ce, "Ka goge, ko?" Na ce wa ya gaya masa. Ya ce ba a yi rabin awa ba, Malam ya buɗe ido, ya yi magana tar kamar ba shi ne ke kwance ba, ya ce, "Mai hoton nan ya goge. Ku ce masa..." sai ya yi shiru, ya yi kalmar shahada, shi ke nan. Alhaji ya rantse mini har sau uku cewa bai taɓa gaya wa mahaifinsa ba, ko matarsa ba ta sani ba.

Na riƙe rigarsa na ce, "Ku ce mini me, Alhaji? Don girman Allah, me ya ce a ce mini?" Ya girgiza kai yana hawaye, ya ce bai ƙarasa ba.

Ajali na Allah ne, ban ce gogewar da na yi tana da alaƙa da cikawarsa ba, kuma ban san me na gani a kwamfutar nan ba, na tambayi malamai na tambayi masu gyara, kowa da abin da yake faɗa. Na bi jana'izarsa, ina yi masa addu'a a kowace salla, na yi sadaka da niyyarsa ban san adadi ba. Amma har gobe in na tuna, sai in rasa sukuni, don ban sani ba, "na yafe" zai ce, ko "mu haɗu a can."

Shi ya sa nake roƙonku, yanzu da kowa ke yawo da kyamara a aljihu. In mutum ya ce kar ka ɗauke shi, ka mayar da wayarka aljihu, ko ɗan cikinsa ne ya sa ka. In kuma ka riga ka yi, tashi yanzu ka je ka same shi tun yana iya ba ka amsa. Ni rabin awa na makara.