Kwana Tara Baffa Yana Dukan Gangar Birki

Baffana, ƙanen mahaifina, ya shekara talatin da ɗaya yana tuƙa tarakta guda, kuma bai taɓa yarda birki yana da amfani ba. A ganinsa don matsorata aka saka shi. In zai tsaya, sai ya rage giya, ya sauke garmar baya ta caki ƙasa, taraktar ta yi tari sau biyu ta tsaya inda Allah ya nufa. Wata rana a ƙofar gidansa, wata rana a ƙofar maƙwabci.

Taraktar ta girme ni. Fentinta ya daɗe da barin duniya, kujerarta tsohon matashi ne ɗaure da igiya. Amma da ita ya yi wa rabin unguwa huɗa, da ita ya kwaso yashin ginin gidansa, da ita ya raini 'ya'ya bakwai. In ya kasa kunne ga injin, sai ya gaya maka wane bututun mai ne ya toshe. Wannan baiwar ce ta ɓata shi. Tunda kunnensa ya san injin, sai ya ɗauka hannunsa ma ya san komai.

Ranar da abin ya faru, ya cire garmar ya bar ta wurin mai walda, sai ya manta. Ya taho gangaren layinmu da rana tsaka, ya ja hannun sauke garma cikin isa, ba abin da ya sauka. Taraktar ta zarce, ta fasa katangar Goggo, yayarsa, ta tsaya da hancinta a ɗakin girki. Ba wanda ya ji ciwo sai tukwane.

Goggo ta fito, ta dubi taraktar, ta dubi ƙanenta.

"Sannu da zuwa," in ji ta. "Da ka ce ta nan za ka shigo, ai da na share maka hanya."

"Yaya, tsautsayi ne."

"Tsautsayi mai shekara talatin. Ba za ta ƙara taka layin nan ba sai ta koyi tsayawa."

Baffa yana musu da kowa, ban da Goggo. Aka ja taraktar zuwa rumfar gidansa, ya ɗaga bayanta da jak, ya tara itatuwa a ƙarƙashi, ya kwance manyan tayoyin. Sai ga gangunan birki guda biyu, wato kwanonin ƙarfen nan da ke bayan taya, waɗanda takalman birki ke dannewa daga ciki. Tsatsa ta haɗe su da mazauninsu kamar tare aka zuba su.

"Aikin rabin awa ne," in ji Baffa.

Ranar farko ya yi musu wanka da kananzir. Rana ta biyu da baƙin mai. Ta uku ya ɗauko guduma ya fara da gangar dama, tun safe har la'asar, har masu wucewa suka riƙa leƙowa su ga sabuwar maƙerar da aka buɗe. Gangar ba ta ko gaishe shi ba. Rana ta biyar mai walda ya zo da wutarsa ya gasa ta. Abin da ya fito shi ne hayaƙin tsohon giris da gidan rina guda. Baffa ya yi kwana biyu da ido ɗaya a kumbure, yana gaya wa masu jaje cewa aiki ya kusa.

Matarsa ta ce, "Malam, ka kira tsohon bakaniken nan mana."

"Wannan? Ko noti bai iya ɗaurewa ba."

Gaskiyar magana, shekara ashirin ke nan ba sa ga maciji. Laifin bakaniken kuwa babba ne: ya taɓa ce wa Baffa a gaban mutane ya gyara birkinsa.

Rana ta takwas Baffa ya zo da dabarar da ta fi duka. Ya ɗaura wa gangar sarƙa, ya ɗaura ɗaya bakin a bayan motar mai walda, ya ce a ja. Gangar ta tsaya daram. Taraktar ce ta biyo, ta zame daga kan itatuwan, ta faɗi da ƙarfin da ya girgiza kwanon rumfar. Tsakanin ƙarfen da ƙafar Baffa bai kai taƙi guda ba.

Ina tsaye a bakin ƙofa. Baffa ya zauna a kan taya, yana duban inda ƙarfen ya faɗo. Goggo, da ta zo kallo, ba ta yi masa ba'a ba. Mayafinta kawai ta ɗauka ta fita.

Washegari da safe sai ga ta da bakaniken, wani ɗan siririn tsoho da jakar da ba ta fi ta aski ba. Ya sa aka sake ɗaga taraktar yadda ya kamata, ya zagaya ta, ya shafa gangar dama.

"Wa aka yi yaƙi da shi a nan?"

Ya kwanta a ƙasa, ya zura sukundireba ta wata 'yar kafa a bayan gangar hagu, ya yi ta juya wani abu har takalman birkin suka saki. Sannan ya ƙwaƙule wasu ramuka biyu a fuskar gangar, waɗanda Baffa ya ɗauka ado ne. Ya saka musu dogayen kusoshi masu zare, ya murɗa wannan kaɗan, ya murɗa wancan kaɗan. Aka ji ƙas! Gangar ta taho salin alin kamar da ma jira take a roƙe ta. Minti ashirin. Ta dama ita ma ta fito, amma gida biyu.

Baffa ya gyara murya. "Ai ni na sassauta su."

"Ƙwarai kuwa," in ji bakaniken. "Wannan ma ka sassauta ta har ta rabu da kanta."

Sai da aka yi mako uku kafin bakaniken ya tono irinta a wurin masu tsofaffin ƙarafa. Ranar gwaji Baffa ya take birkin da ƙarfinsa duka, ƙirjinsa ya daki sitiyari. Ya sauko yana tari, ya ce an cika shi da yawa, bari ya je garejin bakaniken ya nuna musu kuskurensu.

Ya je, ya kuma ci gaba da zuwa. Da idonsa ya raunana ya bar wa surukinsa tuƙi, sai bencin garejin ya zama ofishinsa. Duk wanda ya kawo mota, Baffa ne zai fara yi masa bayani. Bakaniken ya jira ya gama tsaf, sannan ya ce, "Ka ji abin da ya faɗa? To, kada ka yi."

Bara bakaniken ya kwanta ciwo wata biyu. Kullum da hantsi Baffa yana gefen gadonsa, yana koya wa matar gidan yadda ake ba da magani.