Kabarin da Alcide Ya Ɗaure

A Petit Roseau, ƙauyen masunta da ke can inda kwalta ta ƙare a kudancin Louisiana, babu wanda ya kai Alcide Pitre iya zagin talabijin. Shekara arba'in da 'yan kai ya yi yana kamun jatan lande kafin ciwon gwiwa ya sauke shi daga jirgi, kuma tun da ya sauka sai bakinsa ya karɓi aiki. Duk shekara, da zarar an fara nuna jan gammon nan na guguwa yana juyawa a kan taswirar teku, sai ya ja kujera a gidan mai, inda tsofaffi ke shan baƙin kofi, ya soma.

"Ku dubi ɗan jaridar nan don Allah. Ya sha rigar ruwa, ya rungume falwaya kamar amaryarsa, wai iska za ta tafi da shi. Ga Ozeme ɗan garinmu can a bayansa yana wucewa da silifa, yana gatsar burodi!"

Da gaske an yi haka, shekarar da aka kwashe gari kakaf saboda guguwar da a ƙarshe ko shanya ba ta kayar ba. Mutane suka yi kwana biyu a cunkoson motoci, masu kyamara kuwa suka naɗe wayoyinsu suka tafi neman wani garin. Shi ya sa in Alcide yana magana ake dariya, ana kuma gyaɗa kai. Abin da ba wanda ya lura da shi shi ne, bai taɓa yarda a canja tashar ba. Baki na zagi, ido na kan lambobin da ke gudu a ƙasan allo, yana auna inda ruwa zai kai.

A wannan ƙasa ba a haƙa kabari, don taku biyu za ka tarar da ruwa. Akwatin gawa ake sakawa cikin wani akwatin na siminti, a bisa ƙasa, a rufe da murfi. Haka aka yi wa Noelie matar Alcide a bayan coci, shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Wata takwas da rasuwarta guguwa ta gaske ta zo. Aka ce kowa ya fita, Alcide ya fita. Aka kafa shinge a kan hanya, mako uku ba a bar kowa ya koma ba. Ranar da ya koma ya tarar da murfin a gefe, ciki sai laka da ƙaguwa. Akwatuna talatin da ɗaya ruwa ya kwasa ya watsa cikin fadama. Hukumar agaji ta bi ta tsinto waɗanda suka samu, ta jera su a motar sanyi, kowane da lambarsa. Bayan wata biyar aka kira shi aka ce tasa ce lamba goma sha bakwai. Ya sa hannu a takarda, aka mayar da ita. Tun daga ranar, ko sau nawa za a ce a fita, Alcide ba ya fita.

Bana ma aka ce a fita. Da hantsi, yana loda kaya a bayan motarsa, ɗan sandan yankin ya tsaya a ƙofar gidan. Curtis ne, wanda aka yi wa baftisma a gaban idon Alcide.

"Baba Alcide, ƙarfe huɗu za a rufe gada. Wannan karon ba wasa ba ne."

"Bara ma ba wasa ba ne. Kaji uku suka jiƙe."

Curtis bai yi dariya ba. Ya zaro wani kakkauran alƙalami mai baƙar tawada da ba ta wankuwa, ya miƙa masa. "To ka rubuta sunanka da lambar wayar 'yarka Charlene a hannunka. Umarni ne ga duk wanda ya ƙi tafiya. Don mu san wa za mu kira."

"Kai, yaron nan! Tsoratar da tsofaffi suka koya maka a makarantar?"

Amma ya karɓa ya jefa a aljihu.

A maƙabarta 'yarsa Charlene ta same shi. Daga asibitin da take aiki a birni ta taho, ko kayan aikin ba ta cire ba. Ta tarar ya murɗa turakun ƙarfe huɗu cikin ƙasa, irin waɗanda ake kafe gidajen da mota ke ja da su, ya ratsa igiyoyin jirgi biyu ta kan murfin kabarin, yana fama da ta uku. Sama ta yi launin toka, iska na zuwa da ɗumi da warin gishiri. A jikin babbar bishiyar da ke bakin ruwa, kwale-kwalensa ne a ɗaure, da jarkar mai da fitila a ciki.

Ta daɗe tana kallon kwale-kwalen.

"Ashe ka yarda da su," in ji ta.

"Da wa?"

"Da 'yan talabijin. Mutumin da ya ce ƙarya ce ba ya ɗaure kabari, Baba."

"Riƙe min nan."

Ta riƙe bakin igiyar, ya ja har jijiyar wuyansa ta miƙe.

"To mun ɗaure. Shiga mota mu tafi."

"Ki tafi kawai. In na fita ba za su bar ni in dawo ba sai sun gama shirmensu."

"Kwale-kwalen fa na mene ne?"

"In ruwa ya ɗauki akwatin in bi shi."

"Cikin iskar da ke cire rufin gida? Da wannan gwiwar?" Ta saki igiyar. "Baba, faɗa min gaskiya. So kake ya tsaya, ko so kake ya buɗe?"

Shekara goma sha ɗaya Alcide yana ɗora laifin a kan hukuma, a kan shinge, a kan mai rungumar falwaya, kuma duk suna da nasu kason. Amma akwai kason da bai taɓa furtawa ba, ko a gaban Fada na cocinsu. Ya zauna a gefen simintin.

"Sun ce in leƙa," ya ce. "A cikin motar sanyin nan. Suka ɗaga murfi. Ni kuwa takalmina na kalla, na ce ita ce. Gefen hannun riga kawai idona ya kama, kuma shuɗi ne. Fara muka sa mata, ko ba haka ba? Ma'aikacin hukumar ya ce laka na rina tufafi. Na ce haka ne, don in fita daga wurin. Shekara talatin da takwas muna tare, na kasa kallonta na ƙiftawar ido."

Charlene ta zauna kusa da shi. Ba ta taɓa shi ba.

"Ba ita ba ce," ta ce.

Ya juyo.

"Ni na zaɓi akwatin Mama. Mariƙansa farare ne kamar azurfa. Wanda aka dawo da shi na tagulla ne. Tun ana sauke shi daga mota na gani."

"Kika yi shiru?"

"Na ga ka sa hannu. Na ce tunda hankalinka ya kwanta, ni wace ce da zan tayar. Duk ranar tunawa da matattu ina zuwa mu shafa masa farar ƙasa tare, ina kallonka, ina cewa gara haka."

"Ni kuma ina kallonki ina cewa gara haka."

Wata 'yar dariya ta kuɓuce masa, marar daɗin ji. Digon ruwa na farko ya faɗi a kan murfin, ya yi tabo kamar kwabo. Can a kan titi motoci na wucewa a jere, an ɗaure katifu a samansu.

"Ba ta nan, Baba. Ba ka da abin gadi."

Sai ya dafa gwiwa ya miƙe, ya kama igiya ta uku.

"Haba Baba!"

"Wannan ma ta wani ce. Ko dai yana nemanta, ko kuma an ba shi tawa yana shafa mata farar ƙasa. Ba za ta sake yawo ba. Ja nan."

Suka ja tare, ya ƙulla irin ƙullin da ba ya kwancewa a ruwa. Daga nan ya ciro alƙalamin Curtis, ya durƙusa da ƙyar, ya rubuta a gefen simintin da manyan baƙaƙe: LAMBA 17. BA NOELIE PITRE BA CE. RIGA SHUƊIYA, MARIƘAN TAGULLA. Ya sa lambar wayar Charlene a ƙasa, ya bi kowane harafi sau biyu.

Kwale-kwalen ya bar shi a inda yake.

Ƙarfe uku da rabi suka hau gada. Daga nan sama ana ganin duk fadamar da ruwa ya watsa akwatunan a cikinta, ciyawa da ruwa har iyakar gani, iska na kwantar da ita tana tashi. Alcide ya sauke gilashi, ruwa na dukan fuskarsa.

"Rage gudu," ya ce.

"Baba, akwai mutane a bayanmu."

"Rage kawai."

Ta rage. Na baya suka yi ta danna oda, shi kuwa bai ɗauke ido daga ciyawar ba har suka sauka.