Maɓallan Mutumin Maraɗi

A shekarar da Caina ta karɓi baƙuncin Olamfik, kasuwa ta yi mana sanyi a Guangzhou. Biza ta yi wuya, kaya ba sa fita, duk shagon da ka shiga a titin 'yan sari na Zhanxi Lu sai a kaɗa maka hannu a ce meyo, babu. Zaman banza ya kai mu ga karta. Wani ɗan Gana ya koya mana poka, muna yi bayan la'asar a ofishin mai tura mana kaya. Kuɗi ba ya hawa teburinmu, gudun caca. Maɓallan samfur muke rabawa daidai wa daida, wanda nasa suka ƙare ya koma ɗan kallo.

Rannan wani lauban, wato maigida da Sinanci, mai masana'antar takalma, ya ba mu kyautar tikiti ɗaya tak na wasan ƙarshe na ƙwallo a Beijing, wanda Najeriya za ta buga. Aka ce wanda ya cinye maɓallan kowa, nasa ne.

Akwai wani dattijo ɗan Maraɗi a cikinmu, mai sarin takalma, da ya tsare raga a ƙuruciyarsa. Muna tsokanarsa ina ruwan ɗan Nijar da wasanmu, amma kowa ya san babu mai son tikitin nan kamarsa. Ya sha gaya mana bai taɓa shiga babban filin wasa ba.

Ban taɓa ganin mai iya riƙon talauci a tebur irinsa ba. Mu Kanawa in maɓallanmu suka yi ƙasa sai zumuɗi, mu sa kaɗan a nan, kaɗan a can, har mu tsiyaye. Shi ya ce wannan wauta ce, musamman in kai ne farkon magana, mutane jere a bayanka ba ka san abin da suka riƙe ba. Ko dai ka yar da kartar, ko ka tura duka tun maɓallanka na iya tsorata wani.

Ranar gasar nasa suka yi ƙasa tun da wuri. Ya yi ta yar da karta yana kurɓar shayi, kason dole da ake zubawa in zagaye ya zo kanka na gutsurar maɓallansa. Da magana ta sake faɗowa kansa a farko, ya leƙa kartarsa sau ɗaya, ya tura maɓallan gaba ɗaya. Kowa ya janye, saura ni. Na duba hannuna, sarki biyu. Raina ya ɓaci, wallahi, don na san na fi shi. Na fara zame kartar zan yar, sai ya dafa hannuna.

"Ƙanena, in kana da karta, biyo ni. Kar ka yi mini sadaka."

Na bi shi. Goma biyu gare shi, kuma kartar da aka buɗe a tebur ba ta kawo masa ɗauki ba. Ya miƙe ya gyara hularsa, ya ce in an sake raba masa irinta, haka zai sake yi.

A ƙarshe ni na ci tikitin. Na kai masa har masauki, ya ƙi karɓa. Abu ɗaya ya roƙa, in sa ido a kan mai tsaron ragarmu in zo in ba shi labari. Aka ci mu a wasan nan, amma ban san yadda aka tsaro ƙwallon ba. Idona na kan mai tsaron raga.