Lado da Takardar Alhazai

Shekara talatin Lado yana kiwon ragunan layya a gidansa da ke bayan tasha a Daura. Mutum ne da ko kaza zai saya sai ya ɗaga fiffike ya leƙa. Kowace shekara, Lahadin ƙarshe kafin Sallah, yana kasuwar Mai'adua tun da sassafe. Bana gwiwa ta ƙi, kuma raguna shida ne a turke, biyu na matarsa Zubaida.

Ana haka sai ga wani Sagir, ƙanin mijin 'yarsu, da shadda tana ƙyalli. Ya ce yana sayar da takarda mai lambobin wayar alhazan Kano da Abuja ɗari biyu, masu aiko mota har ƙofar gida su ɗauki rago. Lado zai yi ciniki yana kishingiɗe.

Zubaida ta kira Lado ciki. Ta ce ya tambayi inda aka samo lambobin, da wa da wa aka sayar wa, sannan ya buga uku a gaban mutumin kafin ya biya.

"Malam, uku kacal. In sun ɗaga, ka saya."

Lado ya ce ina, ba a titsiye suruki, ga shi ma yanzu suka tashi daga kwano ɗaya. Ya biya, ya raka shi har bakin titi, har da riƙe masa jaka.

Lahadi ta zo ta wuce, Lado na zaure yana latsa waya da tabarau a karan hanci. Wasu lambobin a kashe. Ɗaya ta wata tsohuwa ce a Zango, ta zaci jikanta ne. Da ƙyar aka dace da alhaji na gaske, shi kuma ko sallama bai gama amsawa ba.

"Bawan Allah, kai ne na tara daga Daura yau. Wa ke raba muku lambata?"

Ashe duk mai turke a garin yana da takardar.

Ranar Arfa ya ja ragunan bakin titi yana ɗingishi. Masu saye sun riga sun saya; tayin da aka yi masa ko kuɗin dusa bai kai ba. Ya mai da su gida.

Zubaida ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Washegarin Sallah ta kwance nata biyun, ta kai gidan wanta Jibril, ta ce can za su zauna daga yanzu. Lado ya riƙe mata ƙyaure har suka fice.